Yadda Za a Tsara Wanke Jama'a Masu Yawa Idan Sinadari Mai Guba Ya Ɓalle a Jos

A ƙarshen watan Yulin 2015, da sassafe, tukunyar iskar kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo da ke Jos. Mutum takwas suka rasu, aka kwantar da kimanin mutum ɗari a asibitocin gari. Irin wannan lamari ba ya zuwa kullum, shi ya sa shirinsa yakan zama na ƙarshe a lissafin kowace hukuma, amma a ranar da ya zo yakan haɗa 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da hukumar agajin gaggawa ta jiha a kan aiki guda wanda yawancinsu ba su taɓa gwada shi tare ba, wato raba mutane da yawa da gubar da ke jikinsu cikin 'yan mintuna. Wannan jagora ta masu tsara irin wannan aiki ce, kuma ginshiƙinta shi ne cewa abin da aka yi a mintuna goma zuwa goma sha biyar na farko, da kayan da ke hannu, ya fi duk wata na'urar da za ta iso bayan awa guda tasiri.

Mataki na farko: a san gubar da ke cikin gari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sayi ko da safar hannu, ya kamata kwamitin da ya ƙunshi hukumar kashe gobara, hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA), ofishin shiyya na hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) da ke Jos, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da wakilan manyan asibitoci ya zauna da taswirar gari, ya sa alama a duk inda ake ajiye sinadari mai yawa da duk hanyar da yake bi. Matatun ruwa suna ajiye kulorin. Wasu manyan ɗakunan sanyi da masana'antun abin sha suna aiki da amoniya. Masu yin sabulu suna da soda, masu batir suna da asid, shagunan kayan noma da ke hidimar masu lambu cike suke da maganin ƙwari, masu walda kuma suna da kabaid. Sai tankoki, waɗanda su ne suka fi wuyar sha'ani domin ba su da mazauni: suna hawowa ta Hawan Kibo, su ratsa Mararrabar Jama'a da Bukuru, su fita ta hanyar Bauchi ko ta Zariya.

Kowace tanka da ta bi ƙa'ida tana ɗauke da lamba mai alƙaluma huɗu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ya kamata duk direban motar kashe gobara ya haddace kaɗan daga ciki: 1017 kulorin ce, 1005 amoniya, 1203 fetur, 1202 man dizal, 1075 iskar gas ta girki, 1830 asid irin na batir mai ƙarfi. Akwai ƙaramin littafi mai bango ruwan lemu da ma'aikatar sufuri ta Amurka ke fitarwa tare da Kanada da Meziko duk bayan shekara huɗu, wanda ke bayyana abin yi ga kowace lamba, ana kuma samun manhajarsa kyauta a waya. A sauke ta a wayar kowane shugaban tawaga tun yanzu, domin ba a dogara da intanet a bakin haɗari.

Mataki na biyu: gane lamarin da tsayawa a inda ya dace

Kiran farko da zai shigo ta lambar 112 ba zai ce sinadari ya ɓalle ba. Zai ce mutane suna faɗuwa, ko suna tari, ko wani wari ya cika unguwa. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji na Birtaniya ke bi tana da sauƙin riƙewa: mutum ɗaya ya faɗi ba dalili, a yi masa yadda aka saba, mutum biyu, a matsa da hattara, uku ko fiye a wuri guda, a ɗauka guba ce har sai an tabbatar da akasin haka. Hawaye da tari da shaƙewa suna nuna iska mai ƙona huhu irin kulorin ko amoniya. Dalalar miyau da gumi da tsukewar ƙwayar ido da karkarwar tsoka suna nuna maganin ƙwari na dangin da ake kira oganofosfet. Kaji ko tsuntsaye da suka mutu a tare su ma shaida ne.

Motar farko ta tsaya a ɓangaren da iskar gari ke kaɗowa daga can, yadda ba za ta kwaso mata gubar ba, a kan tudu, sama da inda ruwa ke gangarawa. Wannan batu na tudu yana da nauyi na musamman a Jos, domin kulorin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan ninki biyu da rabi, saboda haka takan kwanta a ƙasa ta bi kwari da magudanai kamar ruwa, kuma gidajen da ke gangare su ne za ta fara cikawa. Matakin farko na killacewa shi ne aƙalla mita 100 ta kowace fuska idan iska ce, mita 50 idan ruwa ne, mita 25 idan gari ne irin hoda, sannan a faɗaɗa gwargwadon abin da aka gano. Tankar fetur da ta kama wuta tana bukatar mita 800, ta gas kuwa ninkin haka. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu bayan sun taru ɗibar man da ya zube, ya isa ya nuna cewa killace wuri aiki ne da za a ba 'yan sanda da jami'an sibil difens tun a rubuce, ba abin da za a tsaya tattaunawa a kai ba.

Daga nan a raba filin uku: yankin guba, wanda babu mai shiga sai da rigar kariya da tukunyar numfashi, yankin wanki a tsakiya, da yanki mai tsabta inda likitoci da motocin asibiti suke. Tafiya ta fuska ɗaya ce kawai, daga guba zuwa tsabta.

Mataki na uku: tuɓe tufafi, da matsalar da takardun waje ba su warware mana ba

Ƙiyasin da aka daɗe ana aiki da shi a wannan fanni shi ne cewa cire tufafin sama kaɗai yana raba mutum da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na gubar da ta same shi, kuma amfanin hakan yana raguwa da kowane minti, domin sinadarin yana ratsa yadi ya isa fata, yana kuma tashi daga rigar mutum ya ci gaba da shaƙarsa. Babu wani mataki a duk wannan jagora da ya kai shi araha ko ya kai shi amfani, kuma babu wanda ya kai shi wuyar aiwatarwa a garinmu. Dattijuwar da ta fito daga Gangare ko Unguwar Rogo ba za ta cire hijabinta a gaban jami'i namiji ba, ko da numfashinta na sarƙewa, kuma matar da ta fito daga coci a Tudun Wada ba ta bambanta da ita a wannan ba. Magidanci ma ba zai tuɓe a gaban surukinsa ba. Duk tsarin da ya yi kamar bai san da haka ba zai ƙare da mutane suna juya baya suna tafiya gida da gubar a jikinsu, su kai wa 'ya'yansu.

Saboda haka sutura wani ɓangare ne na kayan aiki, daidai da mesar ruwa. Kowace motar da za ta fara isa ya kamata ta ɗauki tamfol da igiya da za a iya ɗaurawa tsakanin motoci biyu cikin minti biyu, a sami layin maza daban da na mata daban, yara ƙanana kuma su bi iyayensu mata. A tanadi zannuwa masu yawa, domin zani ɗaya yana rufe mace yayin da take cire kayanta daga ƙarƙashinsa, yana kuma zama mayafi bayan an gama; ya fi rigunan leda na waje arha, mutane kuma sun san yadda ake ɗaura shi. Dole ne a sami mata a cikin tawaga, idan kuma hukumar kashe gobara ba ta da isassu, a horar da mata daga ƙungiyar Red Cross da 'yan agajin masallatai da ƙungiyoyin matan coci, a riƙe lambobinsu. Ba a bukatar a cire kamfai a matakin farko sai idan ya jiƙe da sinadarin.

Ba a cire riga ta kai, domin hakan shafa gubar ne a ido da hanci da baki. Babbar riga da kaftani da hijabi da rigar sanyi duk ta kai ake cire su, don haka almakashi mai ƙarfi, da yawa, yana cikin kayan farko: a yanka daga wuya zuwa ƙasa, a naɗe yadin ta waje yadda ɓangaren da ya ɓaci ba zai taɓa fata ba. Idan babu almakashi, mutum ya rufe ido da baki, ya riƙe numfashi, ya ɗage rigar nesa da fuskarsa. Yadin da ya manne da fata saboda ƙuna ba a fizge shi. Hula da ɗankwali da gashin ƙari duk su tafi, haka ma majanyin goyo, kuma jariri yana cikin waɗanda za a fara yi wa komai, domin fatarsa ta fi saurin shan sinadari.

Mutane sukan ƙi rabuwa da kaya saboda waya da kuɗi da makulli. A ba kowa leda biyu masu lamba ɗaya da wadda za a ɗaura masa a hannu, babba ta tufafi, ƙarama ta kayan daraja, a faɗa masa a fili wanda zai tsare su.

Kalmomin da za a faɗa ta lasifika a rubuta su tun yau, da Hausa da Turanci, a liƙa a cikin kowace mota. Misali: "Iyayenmu maza da mata, ku yi haƙuri ku saurara. Abin da ya zuba yana jikin tufafinku, cire su shi ne maganin farko. Mata ku bi ta hannun dama, 'yan'uwanku mata ne a can, akwai labule da zani. Maza ku bi ta hagu. Kada kowa ya taɓa fuskarsa, kada a ci ko a sha komai tukuna." Jama'a sukan ba da haɗin kai idan an faɗa musu dalili, kuma muryar mai unguwa ko liman ko fasto a lasifikar takan yi abin da umarnin jami'i ba zai yi ba.

Mataki na huɗu: a goge ko a wanke

Binciken da aka yi a Birtaniya da Amurka ya sauya tsohon tunanin cewa ruwa ne farkon komai. Idan sinadarin ruwa-ruwa ne ko mai maiƙo, kuma ba ya ƙona fata, kamar maganin ƙwari ko man fetur, abin da ya fi shi ne gogewa a bushe nan take da duk abin da ke tsotse ruwa: tishu, tawul, bandeji, ƙyalle mai tsabta. A fara danna shi a wurin na kimanin daƙiƙa goma ya tsotse, sannan a goga a hankali na wasu daƙiƙa goma, daga kai da fuska zuwa hannuwa zuwa sauran jiki, ana sauya ƙyalle. Dalilin shi ne jiƙa fata na tsawon lokaci yana iya taimaka wa wasu sinadarai su shige ta.

Idan kuwa mutum yana jin raɗaɗi ko ƙuna, kamar na asid ko soda ko amoniya, ruwa ake so nan da nan, mai yawa, daga kowane famfo ko bokiti ko ledar ruwa da ke kusa. Idon da sinadari ya shiga a wanke shi aƙalla minti goma sha biyar, ruwan yana gangarawa daga gefen hanci zuwa waje don kada ya shiga ɗayan. Gari kuma a fara kaɗe shi a hankali kafin ruwa ya taɓa shi, musamman kabaid, wanda ke fitar da iska mai kama wuta idan ya jiƙe, da ƙwayar nan ta adana hatsi da ke fitar da iskar fosfin mai kisa idan ta sami laima. Wanda iska kawai ta buga, babu abin da ya zuba masa kuma fatarsa da idonsa ba sa zafi, yawanci cire tufafi da iska mai kyau sun wadatar masa, sai dai a sa masa ido, domin illar kulorin a huhu takan iya bayyana bayan sa'o'i.

A nan ya kamata a ja kunne game da abubuwan da muka saba. Manja da madara ba sa karya guba, kuma shafa mai a fata yana iya riƙe sinadarin a wurin. Ba a sa mutum ya yi amai. Ba a zuba ruwan bilic a jikin mutum, ba a kuma dirza da soso mai kaushi, domin garin neman gira sai a rasa ido: fatar da aka kankare ta fi shan guba.

Wankan taro da sanyin Jos

Hanyar da aka fi sani ita ce a jera motocin kashe gobara biyu gefe da gefe, a bar lungu a tsakaninsu, a saki ruwa daga ɓangarorin biyu da kuma sama ta kan tsani, mai yawa amma marar ƙarfi, kamar ruwan sama, mutane su ratsa suna ɗaga hannuwa suna juyawa. Wannan kurkura ce ta gaggawa, ta daƙiƙoƙi kaɗan. Cikakken wanki kuwa, wanda gwaje-gwajen Turai suka daidaita a kai, shi ne ruwa mai ɗumi kimanin digiri 35, ɗan sabulun ruwa, tsumma mai laushi, na tsawon daƙiƙa 90, daga kai zuwa ƙafa, kai a karkace baya don kada ruwan gashi ya sauko fuska. Goge jiki da tawul bayan nan yana cikin aikin cire gubar, don haka tawul ɗin shi ma ya shiga ledar kayan da suka ɓaci.

Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya kwana a nan a watan Disamba ko Janairu ya san abin da ruwan randa yake yi wa hannu da asuba. Fesa wa tsoho ko yaro ruwan sanyi a fili cikin hunturu yana iya jawo masa illar da ta fi ta sinadarin. Ra'ayina shi ne tsarin Jos ya kamata ya zama iri biyu a rubuce: na lokacin zafi, da na hunturu da dare, inda gogewa a bushe za ta zama ta farko ga duk abin da ba ya ƙona fata, a rage lokacin ruwa, a kuma tanadi barguna da motocin bas ko wani zaure na kusa da za a shigar da mutane da zarar sun fito.

Ruwan kansa lissafi ne. Ba za a dogara da famfunan kashe gobara na titi ba, don haka a ƙulla yarjejeniya a rubuce da masu tankokin ruwa da masu rijiyoyin burtsatse na kowace shiyya. Yawan layuka ma a lissafa shi: idan mutum ɗaya yana cin minti uku daga shiga zuwa fita, layi ɗaya mutum ashirin yake wankewa a awa, wanda ke nufin mutum ɗari biyu suna bukatar layi goma kafin a gama da su cikin awa guda. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa ba za a jira wanka ba kafin a tuɓe a goge. Wanda ba ya iya tafiya yana bukatar layinsa daban da ma'aikata uku ko huɗu sanye da kariya, kuma idan numfashinsa ko jininsa na cikin haɗari, ceton rai yana tafiya tare da wankin, ba ya jiransa. Makafi da kurame da masu keken guragu a haɗa kowannensu da mai rakiya, sandarsu ko kekensu kuma a wanke a mayar musu.

Ruwan da ya gangaro daga wankin a tare shi da buhunan yashi ko rami mai shimfiɗar leda idan da hali, musamman kusa da kogin Dilimi da sauran rafukan da masu lambu ke ban ruwa da su, a kuma sanar da NESREA, wato hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da hukumar muhalli ta jiha. Sai dai ba a jinkirta wanke mutum don ana neman inda ruwa zai tafi.

Mataki na biyar: ƙofar asibiti

A harin iskar sarin da aka kai jiragen ƙasa na Tokiyo ranar 20 ga Maris 1995, mafi yawan waɗanda abin ya shafa da ƙafarsu ko a tasi suka kai kansu asibiti. Asibitin St. Luke's kaɗai ya karɓi kimanin mutum 640 a ranar, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa da aka bincika sun sami alamun gubar daga jikin majiyyata da tufafinsu. A Jos abin da zai faru ke nan, sai dai a Keke Napep: kafin motar kwana-kwana ta isa, an riga an kwashi mutane zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da asibitin ƙwararru na jiha da Jankwano da duk wani ƙaramin asibitin da ke kan hanya.

Don haka kowane asibiti yana bukatar nasa tsarin, wanda ba ya jiran kowa. Da zarar an sami sanarwa, a rufe ƙofofi a bar guda ɗaya, a tsayar da ma'aikaci mai kariya a bakinta. A keɓe wuri a waje, kusa da famfo, mai labule biyu da akwatin da ke ɗauke da almakashi, leda, tishu, zannuwa, sabulu, safar hannu mai kauri da tabarau. Masu gadi da masu shara su ne za su fara haɗuwa da majiyyatan, saboda haka horon ya haɗa da su. Takunkumin tiyata ba ya tare iskar guba, kuma ya kamata kowa ya san haka. Ɗakin magani ya san adadin allurar atirofin, wadda ake karya gubar maganin ƙwari da ita, da yake da ita da inda zai samo ƙari cikin dare, domin mutum ɗaya da maganin ƙwari ya kama sosai yana iya shanye abin da aka saba ajiyewa na mako. Direban keken da ya kawo majiyyaci shi ma a duba shi, a wanke kujerar kafin ya ɗauki wani fasinja.

A kuma shirya wa masu zuwa saboda tsoro. A birnin Goyaniya na Burazil a 1987, bayan an fasa wata tsohuwar na'urar asibiti mai sinadarin nukiliya, an auna kimanin mutum 112,000, aka sami 249 kawai da burbushin a jikinsu. Wuri irin filin wasa na Rwang Pam zai iya zama cibiyar tantance irin waɗannan, a bar asibitoci ga masu jin jiki. Idan ana zargin abu na nukiliya ne, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, ce ke da hurumi, lambarta kuma ta kasance cikin takardar. Gidajen rediyo su sami saƙo guda daga bakin mutum guda: wanda ya riga ya koma gida ya cire kayansa a waje, ya ƙulle su a leda, ya yi wanka da sabulu, ya zo asibiti idan tari ko ciwon ido ko wahalar numfashi ya taso.

Rajista da atisaye

A rubuta sunan duk wanda ya bi ta layin, da unguwarsa da lambar ledarsa da alamun da ya nuna, har da ma'aikatan da suka yi aikin, waɗanda su ma za a wanke kafin su bar wurin. Takardar tsarin ta fayyace wanda ke ba da umarni a fili da wanda zai gaje shi idan ba ya nan.

Atisayen farko a yi shi a kan tebur da taswira, na biyu kuma a fili da 'yan sa-kai maza da mata, har da tsofaffi da masu goyon 'yar tsana, a shafa musu wani abu marar illa mai launi a tufafi don a ga inda ya ƙare. A riƙe agogo a auna abu uku: mintunan da suka wuce kafin a ɗaura labule, kafin mutum na farko ya rabu da rigarsa, da kafin na ƙarshe ya shiga bargo. A sa aƙalla atisaye ɗaya a watan Janairu da ƙarfe biyar na asuba, ba tare da an sanar da masu gadin asibitin da za a kai mutanen ba.